Sanarwar Bayan Taron Ƙungiyar Iyaye da Malamai Kan Karɓar Yara Masu Lalurar Otizim a Makaranta

GABATARWA

Ƙungiyar Iyaye da Malamai ta wannan makaranta, firamare da ƙaramar sakandare ta gwamnati a cikin birnin Kano, tare da Kwamitin Al'umma Mai Kula da Makaranta, ta gudanar da babban taro na musamman a harabar makarantar ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan 2 ga Afrilu, wato ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun watan Disamba na 2007 domin wayar da kan jama'a game da lalurar otizim, wadda wasu kafofin yaɗa labarai na Hausa ke kira galahanga.

Taron ya samu halartar iyaye maza da mata, da shugaban makaranta da malamansa, da mai unguwa, da limamin masallacin Juma'a, da malaman Islamiyyar da ke amfani da azuzuwan da yamma, da wakilan tsofaffin ɗalibai. An kuma gayyaci masu gadi da matan da ke sayar da abinci lokacin tara, domin sau da yawa su ne ke ganin abin da ke samun yaro idan idon malami ya kau. Wata likitar yara da wani malami masanin koyar da masu buƙata ta musamman sun gabatar da bayanai, sannan aka ba iyaye dama suka faɗi abin da ke cikinsu. An buɗe da addu'a da hantsi, ba a tashi ba sai bayan la'asar.

ABUBUWAN DA TARON YA LURA DA SU

1. Taron ya gamsu da bayanin masana cewa otizim yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun daga ciki, wanda alamunsa kan bayyana a shekaru biyu zuwa uku na farkon rayuwa, kuma yakan taɓa yadda yaro ke magana, da yadda yake hulɗa da mutane, da yadda yake jin ƙara ko haske ko taɓi a jikinsa. Wani ba ya magana sam, wani yana yi amma sai ya maimaita tambayar da aka yi masa maimakon ya amsa, wani kuma bakinsa ya buɗe sarai har ya fi sa'o'insa haddar karatu, sai dai ba ya gane zolaya ko habaici. Lalurar hawa-hawa ce, ba a ɗaukar ta ta hanyar zama ko cin abinci tare, kuma mutum kan girma da ita har tsufa.

2. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da wannan lalura, wanda ke nufin duk makarantar da ke da ɗalibai ɗaruruwa tana da irin waɗannan yara, ko ta sani ko ba ta sani ba. An fi gano ta a jikin maza, kusan ninki huɗu a kan mata. Sai dai taron ya tsaya a kan wani abu da ya shafi al'adarmu kai tsaye: cikin alamun da likitoci ke dubawa akwai ƙin haɗa ido da mutane, alhali a gidan Bahaushe yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba shi ake kira mai ladabi, yarinyar da ta koma lungu ta yi shiru kuwa sai a yaba kunyarta. Ta haka 'ya'ya mata da yawa kan gama firamare ba wanda ya lura cewa ba kunya ce ke ɗawainiya da su ba. Namiji kuma da ya wuce malami bai durƙusa ya gaida shi ba, sai a ce masa marar tarbiyya a kai shi ga bulala.

3. Game da sanadi, an bayyana wa taron cewa bincike ya fi karkata ga gado da abubuwan da suka shafi girman jariri a ciki, kuma babu hannun uwa a ciki ta fuskar reno ko sakaci. An tunatar da mahalarta cewa bayan likita Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya fara bayyana lalurar a 1943 daga nazarin yara 11, an shafe shekaru a can ma ana ɗora wa iyaye mata laifin rashin nuna ƙauna, kafin ilimi ya wanke su. Haka nan maganar da ke yawo a WhatsApp cewa allurar rigakafin ƙyanda ce ke jawo otizim ta samo asali ne daga wata maƙala kan yara 12 da wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, ya wallafa a mujallar The Lancet a 1998; mujallar ta janye maƙalar a 2010, aka kuma soke lasisinsa na aikin likita a shekarar. Abin da ke ruɗar iyaye shi ne alamun kan fito fili a daidai watannin da ake kai yaro rigakafi. Kano ta ɗanɗana kuɗar irin wannan jita-jita lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, kuma taron ba ya fatan a sake komawa gidan jiya.

4. Taron ya saurari wata uwa da ta ba da labarin ɗanta mai shekara takwas, wanda kullum da safe sai an ja shi kamar rago kafin ya shigo ƙofar makaranta. An yi duka, an yi lallashi, an sha rubutu, ba ta canza ba. Sai da yayarsa ta lura cewa da zarar an nufi tsohon ƙarfen tayar motar da ke rataye a jikin darbejiya za a buga, yaron kan toshe kunnuwa da hannu biyu ya durƙushe, kuma ajinsu shi ne mafi kusa da bishiyar. Wannan yaro, in ji malamin Islamiyyarsa, yakan riƙe sura idan ya ji ta sau biyu ko uku, amma idan aka tambaye shi sunansa sai ya ce, "Yaya sunanka?" Wata malama kuma ta amsa a gaban jama'a cewa ta taɓa share wasu murafen lemo da wata ɗaliba ke jerawa a gefen benci kowace rana, ta zuba su a shara, yarinyar ta yi ta birgima har aka tashi, ita kuwa ta ɗauka iskanci ne. Taron ya yaba wa malamar bisa wannan gaskiya da ta faɗa, domin bayan ta zauna ne wasu malaman suka samu ƙarfin halin faɗin nasu.

5. Taron ya nuna takaici kan yadda ake fassara wannan lalura a unguwanni. A ce iskoki ne, a ce ɗan ruwa ne, a ce sammu ne ko kambun baka, wani lokaci a nuna kishiya da yatsa har zumunci ya lalace. An ji labarin matan da aurensu ya mutu saboda dangin miji sun ce daga wajensu abin ya fito, da yaran da ake kullewa a ɗaki idan an yi baƙi. Mahalarta ba su manta da gidajen marin da jami'an tsaro suka buɗe a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura a 2019 ba, inda aka tarar da mutane cikin sarƙa, yara da manya. Ƙungiyar ba ta hana kowa yi wa ɗansa addu'a, hasali ma tana kwaɗaitarwa a kai. Abin da ta ƙi shi ne duka da ɗauri da turaren barkono da sunan fitar da aljani daga jikin yaron da likita bai taɓa gani ba.

6. Ta fuskar doka, taron ya lura cewa haƙƙin waɗannan yara a rubuce yake. Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 kyauta ga kowane yaro. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Buƙata ta Musamman a 2010, wadda sashenta na 24 ya tanadi karatu tare da sauran yara. Dokar Hana Nuna Wariya ga Masu Buƙata ta Musamman ta 2018, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ce dole makarantun gwamnati su karɓi kowa, su kuma samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar domin kula da irin waɗannan ɗalibai, sannan ta yanke tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya nuna wariya, da naira miliyan 1 ga kamfani ko ƙungiya. Yawancin iyayen da suka halarta sun ce ranar ce suka fara jin wannan doka.

7. An yi doguwar muhawara, har murya ta ɗan tashi, kan ko makarantar na da halin ɗaukar wannan nauyi. Malamai sun tunatar da taron cewa Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tsara malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, alhali azuzuwan da suke shiga sun zarce haka nesa ba kusa ba, kuma ba adalci ba ne a ƙara musu aikin da ba a koya musu ba. Wasu iyaye ma sun nuna tsoron kada karatun 'ya'yansu ya ja baya. Taron ya ɗauki wannan ƙorafi da muhimmanci, ya kuma amince cewa akwai yaran da lalurarsu ta yi nauyin da sai da mai kula na musamman. Amma ya lura cewa yaran da ake magana a kai suna nan a azuzuwan tun tuni, ana kiran su daƙiƙai ko masu taurin kai, kuma mafi yawan gyaran da masana suka ba da shawara a kai, kamar sauya wa yaro wurin zama da rage ƙara da daina duka, ba ya cin ko kwabo.

8. Kan batun suna, ra'ayi ya rabu. Wasu sun ce galahanga ita ce kalmar da jama'a suka saba ji a rediyo, a bar ta. Iyayen yaran kuwa suka ce a bakin 'yan unguwa ta zama zagi, kuma ana cakuɗa ta da wasu lalurorin daban. Taron ya fifita ra'ayin iyayen, tunda su ne ke jin zafin kalmar.

9. A ƙarshe taron ya fahimci cewa otizim ɗaya ce daga cikin bambance-bambancen halittar ƙwaƙwalwa. Akwai yaron da baƙaƙe ke juye masa duk ƙoƙarinsa, akwai wanda ba ya iya zama wuri ɗaya na minti biyar, akwai wanda lissafi ke gagara alhali ya iya komai. An kawo misalin Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Kolorado ta Amurka, wadda ba ta fara magana ba sai da ta haura shekara uku, amma tsarin mayankar shanu da ta zana ya bazu a ƙasarta. Duk da haka taron ya ja hankali kada a mayar da irin wannan misali ma'auni, domin yaron da ba zai taɓa zama farfesa ba, ko ma ba zai taɓa furta kalma ba, kujerarsa a aji haƙƙinsa ce daidai da ta kowa.

ƘUDURORI

Bayan tattaunawa, taron ya zartar da waɗannan ƙudurori:

1. Daga yau ba za a mayar da wani yaro daga ƙofar wannan makaranta ba saboda ba ya magana, ko saboda yanayin motsinsa, ko don an ce yana da taɓin hankali. Duk inda shugaban makaranta ya ga akwai damuwa, zai zauna da iyaye da wakilan ƙungiya kafin a yanke hukunci.

2. A duk takardu da tarukan makarantar za a riƙa cewa "mai lalurar otizim". An haramta kiran ɗalibi dolo, gaula, shashasha, taɓaɓɓe ko ɗan ruwa, daga bakin ɗalibi ne ko malami ko mai gadi. Limamin masallacin Juma'a ya tunatar da taron hanin da ya zo a Suratul Hujurat game da jifan juna da miyagun laƙabi, da kuma matsayin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon sahabin da ya yi ladanci, wanda Manzon Allah (SAW) ya sha barin Madina a hannunsa.

3. An hana dukan yaro a kan abin da lalurarsa ce ta jawo, kamar karkaɗa hannu, ko rangaji, ko toshe kunne, ko rashin gaisuwa, ko maimaita magana. An karɓe bulala daga hannun monitoci baki ɗaya. Idan ɗalibi ya birkice, malami zai janye sauran yara daga kansa, ya rage magana, ya ba shi lokaci ya sauko, ba tare da an danne shi ko an taru ana kallo ba.

4. Za a ɗauke ƙarfen da ake bugawa daga jikin darbejiya a mayar da shi bakin ƙofar shiga, nesa da azuzuwan ƙananan yara. Ɗalibin da hayaniyar asembili ko karatun haɗa baki ke damu zai iya tsayawa a gefe ko ya zauna kusa da ƙofa. Za a share ƙaramin ɗakin ajiya da ke kusa da ofishin shugaban makaranta, a shimfiɗa tabarma, ya zama wurin da yaro zai huce na ɗan lokaci ƙarƙashin kulawar babba, da sharaɗin ba za a taɓa rufe ƙofarsa da kwaɗo ba, ba kuma za a tura kowa can da sunan horo ba.

5. Kowane aji daga ɗaya zuwa uku zai manna jadawalin rana mai hotuna a gefen allo, domin yaran da ke firgita da sauyin bazata su san abin da ke tafe. Ɗaliban ƙaramar sakandare masu zane sun ɗauki nauyin zana hotunan a kwali.

6. Malami ba likita ba ne, saboda haka ba zai ce da uba ko uwa ɗansu na da otizim ba. Aikinsa ya rubuta abin da ya gani, ya sanar da shugaban makaranta, a kira iyaye cikin sirri a ba su shawarar zuwa asibiti, inda za a fara da gwajin ji, tunda kurumta ma kan hana yaro amsa kira. Ƙungiyar za ta riƙa ba da takardar gabatarwa zuwa sashen yara na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Yara na Hasiya Bayero. Duk wanda ya fallasa bayanin lafiyar ɗalibi zai fuskanci kwamitin ladabtarwa.

7. Da yake farfaɗiya kan zo tare da otizim a jikin wasu yara, za a koya wa dukan ma'aikata, har da masu gadi da masu abinci, yadda ake kwantar da yaro a gefensa a kawar da abin da zai ji masa rauni, ba tare da tura cokali a baki ko ɗura ruwa ba, a kuma fahimtar da ɗalibai cewa yawun mai farfaɗiya ba ya sa wa kowa cuta.

8. Shugabannin ƙungiya za su rubuta wa Sashen Ilimi na Musamman na Jami'ar Bayero, su nemi a turo malamai ko ɗaliban da ke koyon aikin koyarwa domin horar da malaman makarantar aƙalla sau ɗaya a kowane zango.

9. Ɗalibin da aka tabbatar da lalurarsa zai samu ƙarin lokaci a jarrabawar makaranta, da wuri marar hayaniya, kuma inda rubutu ya gagara za a iya yi masa tambaya da baki ko ya nuna amsa da hannu.

10. An kafa kwamitin mutum bakwai, wanda uku daga cikinsu iyayen yara masu lalurar ne, biyu kuma aƙalla mata, domin bin diddigin waɗannan ƙudurori. Ba za a ɗora wa iyaye wani sabon kuɗi ba; abin da ake buƙata zai fito ne daga gudummawar ganin dama da ta tsofaffin ɗalibai, kuma ma'aji zai karanta lissafinsa a bainar jama'a.

KIRAYE-KIRAYE

Ƙungiyar tana kira ga Gwamnatin Jihar Kano, wadda ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a 2024, da ta sa yara masu lalurar ƙwaƙwalwa cikin lissafinta lokacin ɗaukar sababbin malamai, ta yadda kowace makaranta za ta samu aƙalla mutum ɗayan da doka ta ambata. Tana roƙon hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, da ta bayyana wa jama'a yadda ake kashe kaso 2 cikin 100 da takwararta ta tarayya, UBEC, ke warewa daga kuɗinta domin ilimin masu buƙata ta musamman, kuma kada a taƙaita shi ga kurame da makafi da guragu kaɗai, duk da cewa su ma abin da ke isa gare su bai taka kara ya karya ba.

Tana kira ga Ma'aikatar Lafiya da ta horar da ma'aikatan ɗakunan shan magani na unguwanni su riƙa tambayar uwa, lokacin awo da rigakafi, ko yaronta na waiwayowa idan an kira sunansa, ko yana nuna abu da yatsa, ko ya fara kalmomi sannan suka ɗauke, domin gano lalurar da wuri na sauƙaƙa koyar da magana da kula da kai. Tana kuma neman Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa ta fassara dokar 2018 zuwa Hausa, da boko da ajami, a raba wa makarantu da masu unguwanni.

Ga malaman addini, Musulmi da Kirista, ƙungiyar na roƙon su ɗauki wannan batu zuwa mumbari, musamman ɓangaren zaluncin da ake yi wa iyaye mata. Ga gidajen rediyo kuma, tana neman su daina sayar da fili ga masu tallan maganin da suke cewa yana warkar da otizim cikin mako biyu. Har yau babu ƙwaya ko saiwar da ke kawar da ita, kuma iyaye da dama sun sayar da kadara a kan irin wannan alkawari.

GODIYA DA RUFEWA

Taron ya gode wa likitar da malamin da suka ba da lokacinsu ba tare da karɓar ko sisi ba, da mai unguwa bisa alkawarin da ya yi na sa sanƙira ya zagaya da wannan saƙo, da kuma iyayen da suka cire kunya suka yi magana a gaban maƙwabtansu. Kwamitin bin diddigi zai gabatar da rahotonsa na farko a babban taron ƙarshen zango na uku, kuma za a karanta shi aji-aji, a faɗi inda aka cika da inda aka gaza.

Ƙungiyar na sanar da duk magidancin da ke da irin wannan yaro a gida, wanda bai taɓa kai shi makaranta ba ko aka taɓa dawo masa da shi, cewa ofishin shugaban makaranta a buɗe yake daga Litinin zuwa Alhamis, ƙarfe 8 na safe zuwa 12 na rana. Ya zo da yaron da katin asibitinsa idan akwai. Ba a biyan kuɗin rajista.

Sa hannu:

Shugaban Ƙungiyar Iyaye da Malamai

Sakatariyar Ƙungiya

Shugaban Kwamitin Al'umma Mai Kula da Makaranta